Gajeriyar Kalma Ma Tana Cin Gasa

A shekarar 2015, a birnin Perth na ƙasar Ostiraliya, Wellington Jighere ɗan Nijeriya ya doke Lewis Mackay na Ingila, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Scrabble ta duniya.

Mu masu koyo mukan yi ɗokin doguwar kalma. Amma ita ce takan buɗe wa abokin karawa gidan da ke ninka maki sau uku. Gwanayen Nijeriya sukan ajiye gajeriya su toshe hanya, su riƙe haruffa masu amfani kamar S, har su zubar da bakwai gaba ɗaya, su sami ƙarin maki 50.

'Yan'uwa, kafin mu ajiye kalma, mu duba abin da ya rage a hannunmu. Sauri ya haifi nawa.