Yadda Ake Cika Ham ɗin Keke Mai Aiki da Matsin Iska

1.0 Gabatarwa

A cikin masu ababen hawa, babu wanda ya kai mai keke rauni a kan titi. Ƙararrawar da aka saba ɗaurawa a kan keke ta isa gargaɗi ga mai tafiya a ƙasa, amma direban babbar mota da ya rufe gilashi ba zai ji ta ba. Wannan ne ya sa aka ƙera wani irin ham mai aiki da iskar da aka matse a cikin gora. Wanda ya fi shahara shi ne AirZound, ƙirar ƙasar Kanada, wanda ƙararsa kan kai desibel 115. Ba ya buƙatar batir, kuma idan iskarsa ta ƙare, da famfon taya ake sake cika shi.

2.0 Sassan Ham da Yadda Yake Aiki

Ham ɗin ya ƙunshi sassa huɗu: gora mai ƙwari da ake ɗaurewa a jikin keke, da siririn tiyo, da bawul wanda ke ƙarƙashin madanni, sai kuma ƙaho mai ɗauke da wani tantani a gindinsa. Idan aka danna madannin, bawul ya buɗe, iska ta bi tiyo a guje ta bugi tantanin, shi kuma ya kama karkarwa. Wannan karkarwa ita ke haifar da sauti, ƙahon kuma ya kambama shi. Ɗalibin da ya san ilimin furuci zai ga kamannin nan da nan: gorar ita ce a matsayin huhu, tantanin ya yi daidai da tantanin maƙwallato yayin furta sauti mai ziza, ƙahon kuwa tamkar baki ne.

Ƙarfin ham ɗin ya dogara ne ga matsin iska. A shekarar 1662 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana cewa idan aka takure iska a wuri ƙarami, matsinta kan ƙaru gwargwadon takurewar, muddin zafinta bai sauya ba. Matsin iskar da ke kewaye da mu kusan psi 14.7 ne a daidai doron teku. Saboda haka, idan geji ya nuna psi 80, gorar na ɗauke da iskar da ta ninka cikinta fiye da sau shida. Wato gora mai cin rabin lita za ta haɗiye fiye da lita uku ke nan. Kowace dannawa kuma takan rage wannan ajiya, shi ya sa ƙarar ke dusashewa sannu a hankali.

3.0 Dacewar Famfo da Bawul

Bawul ɗin taya iri uku ne: Schrader da Presta da Dunlop. Ham ɗin yana amfani ne da Schrader, wanda aka yi wa rajistar mallaka a Amurka a shekarar 1893, kuma shi ne a tayoyin mota da babur. Yana da ɗan tsinke a tsakiya wanda sai an danna shi iska ke wucewa. Yawancin manyan kekunan da aka saba hawa a ƙasar Hausa kuwa bawul ɗin Dunlop gare su, don haka famfonsu ba lalle ne ya zauna a bakin wannan ham ba. Abin da ya fi dacewa shi ne famfon mota ko babur mai geji.

4.0 Matakan Cikawa

(a) A duba gora da tiyo, a tabbata babu tsaga ko lanƙwasa.
(b) A ɗaga madanni domin bawul ya bayyana, a share ƙurar bakinsa.
(c) A zura bakin famfo ya zauna daram, sannan a kulle shi.
(d) A riƙa bugawa a hankali, ido na kan geji. Gorar ƙarama ce, don haka matsin kan hau da sauri.
(e) A tsaya da zarar an kai adadin da aka rubuta a jikin gora. A mafi yawan samfurin AirZound, psi 80 ne.
(f) A zare bakin famfo da hanzari, a mayar da madanni, a ɗan taɓa shi don gwaji.

5.0 Abubuwan Kiyayewa

Na farko, kada a zarce iyakar da aka rubuta. Injin iskar mai faci yakan tara matsin da ya wuce abin da gorar za ta ɗauka, kuma cikin ƙiftawar ido zai cika ta, ta fashe. Na biyu, zafi na ƙara matsi, saboda haka bai kamata a cika gora maƙil sannan a bar keke cikin ranar bazara ba. Na uku, idan iska na ƙarewa ba tare da an danna ba, a shafa ruwan sabulu a bawul da mahaɗan tiyo. Inda kumfa ya taso, nan ne yoyon yake. Na huɗu, a ji tausayin kunne. Bisa ma'aunin masana lafiyar ma'aikata, kunne na iya jure desibel 85 har awa 8, amma a desibel 115 iyakar ba ta kai rabin minti ba. Ke nan ba abin wasan yara ba ne, kuma ba a busa shi kusa da kunnen mutum ko dabba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa wannan ham ajiyar iska ce da ake mayarwa sauti, kuma amfaninsa ya rataya ne ga cika shi daidai gwargwado. Gorar da ba ta cika ba za ta yi shiru a lokacin da ake bukatarta, wadda ta cika fiye da kima kuwa ita kanta haɗari ce. Mai keke ya duba ta kafin ya fita, domin rigakafi ya fi magani.

Auna Fahimta

1. Kawo sassa huɗu na ham mai aiki da matsin iska, tare da aikin kowanne.
2. Kwatanta yadda ham ɗin ke samar da sauti da yadda ake furta sauti mai ziza.
3. Me ya sa cika gora da injin mai faci yake da haɗari?