Abin da Direban Babbar Mota Ba Ya Gani

A shekarar 2010, a kan wata babbar hanya kusa da birnin Lids na ƙasar Ingila, an ɗauki hoton bidiyo na wata babbar mota tana sharara gudu, alhali ga ƙaramar mota ƙirar Renault Clio maƙale a gabanta a gicciye, tana ture ta. Direban bai san da ita ba sai da wani mai mota ya yi ta yi masa alama ya tsaya. Matar da ke cikin ƙaramar motar ta tsira da ranta, kuma hukumar da ta binciki lamarin ba ta kama direban da laifi ba. Mai karatu zai yi tambaya: ta yaya mutum mai ido biyu da kunne biyu zai ture mota guda bai gani ba, bai kuma ji ba? Amsar tana cikin halittar jikinmu da kuma ƙirar motar kanta.

Bari mu fara da ido. A bayan kowane ido akwai tantani mai ɗauke da ƙwayoyin da ke karɓar haske. Amma a daidai inda jijiyar gani ta fita zuwa ƙwaƙwalwa babu waɗannan ƙwayoyi ko ɗaya, don haka duk hoton da ya faɗa wurin ba a ganinsa. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Edme Mariotte, shi ya gano wannan makahon gurbi a wajajen 1660. Malamai za su iya gwada shi a aji. A zana alamar + a hagu da ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. Ɗalibi ya rufe idon hagu, ya ƙura wa alamar + idon dama, ya riƙa matso da takardar a hankali. A wajen santimita 30 daga fuska, ɗigon zai ɓace. Abin lura shi ne ba baƙin rami zai gani ba, farar takarda zai gani, domin ƙwaƙwalwa tana cike giɓin da abin da ke kewaye. Wato wanda bai gani ba, bai ma san bai gani ba.

Haka lamarin yake ga direban tirela ko tanka, sai dai nasa makafin guraben ƙirar mota ce ta jawo su, kuma guda huɗu ne. Na farko yana dab da gaban motar, domin direba yana zaune a sama, idonsa yana tsallake abin da ke ƙarƙashin gilashi. Na biyu yana bayan bodi, inda babu madubin da ke kaiwa. Na uku yana gefen hagu, daga ƙofar direba zuwa baya kaɗan. Na huɗu, wanda ya fi duka faɗi da haɗari, yana gefen dama. Tun daga 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyari yana hagu, don haka gefen dama ne ya fi nisa da idon direba. Babur ko ƙaramar mota za ta iya tafiya a wannan gefe na tsawon lokaci, madubi yana nuna wa direba titi fayau.

To, in bai gani ba, me ya hana shi ji? A nan sai mu koma ga nauyi. Mu ɗauka tirela da kayanta ta kai tan 40, ƙaramar mota kuwa tan 1. Dokar Newton ta uku ta nuna cewa ƙarfin da kowace ta bugi 'yar'uwarta da shi daidai yake, amma tasirinsa ya danganta da nauyin kowace. Idan karon ya sauya gudun ƙaramar motar da kilomita 40 a awa, na tirelar da kilomita 1 kacal zai sauya. Sashen kunnen ciki da ke sanar da mu motsin jiki, tare da jijiyoyin fata da na gaɓoɓi, sauyi suke kamawa, kuma tun a 1834 masanin Jamus Ernst Weber ya nuna cewa ƙaramin sauyi yakan ɓace a cikin babban abin da jiki ya riga yake ji. Mutumin da ke cikin rugugin inji da girgizar gargada tun asuba zai iya ɗaukar wannan bugu a matsayin wani ramin titi kawai.

Wannan bayani ba ya wanke direban da ya yi ganganci, ko ya tuƙa da gyangyaɗi, ko ya fita da fasasshen madubi. Wajibi ne ya daidaita madubansa kafin ya tashi, ya duba su sau da yawa, ya ba da sigina da wuri, ya kuma sa yaron motarsa ya zama idonsa na dama. Masu ƙira da hukumomi su ma suna da nasu rabon. Tun 2021 birnin Landan ya fara tilasta wa motocin da suka haura tan 12 wani ma'auni na yadda direba ke iya gani kai tsaye ta gilashi, kuma waɗanda suka gaza sai an ƙara musu na'urori irin su kyamara.

Mu kuma da ke kan keke, babur, ko ƙaramar mota, ga ƙa'ida mai sauƙi: in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai hango ka ba. Kada ka wuce babbar mota ta dama. In za ka wuce ta hagu, wuce da azama, kuma kada ka dawo gabanta sai ka ga kanta gaba ɗaya a madubinka. In ta buɗa hagu a mahaɗar hanya, mai yiwuwa kwanar dama za ta sha, kuma tayoyinta na baya za su share wannan filin da ka ga kamar an bar maka. Ɗalibai masu tsallaka titi kada su ratsa dab da gaban babbar motar da ta tsaya da injinta a kunne. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya kiyaye hanya.