Garun Gabas: Biram Da Muka Haddace Ba Mu Sani Ba

Duk wanda ya zauna a ajin firamare ya haddace Hausa Bakwai, har da Biram. Amma ka tambaye shi ina Biram ɗin take, sai ya yi shiru. Ga ta kuwa a ƙaramar hukumar Malam Madori, ba nisa da Haɗeja, ana kiranta Garun Gabas, garin manoma gero da dawa.

A labarin da aka gada, nan Bayajida ya bar matarsa, 'yar Sarkin Barno, da juna biyu, ya wuce Gaya da Daura, ita kuma ta haifi Biram. Masana na ta muhawara kan labarin, amma babu mai musun tsufan garin. A da yana cikin ƙananan sarautun yankin, irin su Auyo da Kazura da Gatarwa, masu kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima a Nguru, har jihadi ya haɗe su ƙarƙashin Haɗeja. Da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ya biyo ta Malam Madori wajen 1930, cinikin gyaɗa ya ja mutane zuwa bakin tasha.

Don kwatance, a ƙasar Denmak akwai wani ƙaramin gari, Jelling. Abin da yake taƙama da shi tsohuwar coci ce, da tuddai biyu na zamanin sarakunan da, da dutsen da Sarki Harald ya sa aka yi wa rubutu wajen shekara ta 965. Mutanen can sun riƙe abinsu da kyau, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1994.

Su dutse suka gada, mu kuwa ƙasa. Katangar da ba a yi wa yaɓe ba, damina uku ta ishe ta zama tsibi, balle a yankin da ambaliya ta ci gidaje a 2020 da 2022. Abin da ya fi damuna shi ne takardun da ke cikin gafakar limamai, waɗanda gara ke ci a hankali, da jerin sunayen sarakuna da ke bakin dattawa kawai.

Ina roƙon Masarautar Haɗeja da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su tura ɗalibai Garun Gabas da rani mai zuwa, su naɗi muryar dattawa, su ɗauki hoton takardun tun suna karantuwa.