Tun Ran Gini Ran Zane: Gyaran Kuskuren Fayilolin Ƙunshin Manhaja Tun Ana Rubutu

Duk manhajar da mai amfani da Debian ko Ubuntu ke saukewa, wani ne ya zauna ya ƙunsa ta, ta hanyar rubuta wasu ƙananan fayiloli masu tsauraran ƙa'idoji. A fayil ɗin debian/changelog, dole a bar tazara biyu cif tsakanin adireshin imel da kwanan wata. A debian/rules kuwa, layin umarni sai an fara shi da tab, in aka sa tazara a madadinsa aiki ya tsaya cak. Shekara da shekaru, babban mai tono irin waɗannan kurakurai shi ne lintian, wanda galibi ake kira bayan an gama harhaɗa ƙunshi. Ga babbar manhaja irin LibreOffice, harhaɗawar kan ci sa'o'i, ke nan harafi ɗaya da ya kuɓuce zai iya cinye wa mutum wuni guda.

Mafita ta samu daga ƙa'idar LSP da Microsoft ya fitar a 2016. A wannan tsari, wata manhaja ce ke zaune a bayan fage tana karanta abin da ake bugawa, tana sanar da editan rubutu inda aka kauce, shi kuma ya ja layi a ƙarƙashin wurin nan take. Editan Neovim ya shigar da ƙa'idar cikin jikinsa a 2021, editan Emacs 29 ya bi sahu a 2023 ta hanyar wani sashe nasa mai suna Eglot. A ɓangaren Debian, Niels Thykier ya ba wata manhaja mai suna debputy wannan aiki, har tana tsinto sunan filin da aka rubuta ba daidai ba a debian/control.

Wasu za su ce lintian ya wadatar, domin yana leƙa cikin ƙunshin da aka gama, inda idon edita ba ya kaiwa. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a ce a jingine shi ba. A dai rage masa ƙananan kurakuran da bai kamata su kai gare shi ba. Wasu kuma na tsoron sababbin shiga za su daina karanta kundin ƙa'idojin Debian. To, ai editan yana nuna ma'anar fili a daidai lokacin da ake cika shi, kuma darasin da aka koya hannu na kan aiki ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Mafi yawan masu kula da ƙunshin Debian 'yan sa-kai ne, lokacinsu ƙalilan ne. Duk mai wannan aiki ya kamata ya haɗa editansa da debputy tun kafin ya buɗe fayil na gaba.