Maɓalli Biyu Da Ke Fitar Da Dije Kunya A Filin Biki

Waƙar biki da aka ɗauka a situdiyon Kano ba ta cika wuce minti biyar ba, liƙi kuwa ba ya duba agogo. Gwaggon amarya ta shigo fili da jikka-jikka a hannu, ƙawaye na biye da ita, guɗa na tashi, sai ga waƙa tana neman ƙarewa. A da wannan bai zama abin damuwa a ƙasar Kurfai ba, domin mai kalangu idonsa na kan fili, ba zai sauke hannu ba sai maroƙi ya gama kirari. Yau a Sanam da Abala da Filinge, kamar sauran garuruwan Hausa, sau da yawa saurayi ne ke zaune bayan kwamfuta da manyan lasifikoki, janareto na ruri a bayan katanga.

Abin da ke cetonsa shi ne lup. A manhaja irin su VirtualDJ, wadda kamfanin Atomix ya fitar a 2003, ko edjing ta wayar hannu, dije yakan zaɓi ɗan yankin waƙa, bugu huɗu ko takwas ko goma sha shida, ya danna maɓalli, yankin ya riƙa komawa farko ba tare da an ji gaɓa ba. Idan waƙa tana tafiya da bugu 120 a minti, bugu takwas daƙiƙa huɗu ke nan. Gwani yakan ɗora shi a kan amshi ko inda ganga ta zauna babu murya, ya ɗauki makirfo ya kira dangin ango. In liƙi ya lafa, sai ya rage lup ɗin zuwa bugu biyu, zuwa ɗaya, kiɗa ya ɗaure kamar zai tsinke, sannan ya sake shi.

Dabarar ta girmi manhajojin dije. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, Kool Herc ya lura masu rawa sun fi son wurin da ganga ke kaɗawa ita kaɗai, sai ya riƙa sa faifai biyu na waƙa ɗaya, wannan na gama yankin ya koma kan wancan.

Maɓalli na biyu na sauri ne. Manhaja tana auna kowace waƙa ta rubuta adadin bugunta a minti, shi ne lambar BPM da ake gani a allo. Idan ta Ado Gwanja ce ke ci, ana son ta Hamisu Breaker ta biyo baya ba tare da ƙafar masu rawa ta harɗe ba, dole a daidaita saurinsu, ko da jan sandar da ke gefe ko da danna Sync. Sai dai ƙarin sauri na taɓa murya: kashi shida cikin ɗari ya isa ya sirantar da ita har kunne ya gane. Shi ya sa aka yi makullin murya, wanda ke barin kiɗa ya yi gudu murya na nan inda take. Shi ma yana da iyaka. Wanda ya ja waƙa daga 100 zuwa 125 zai ji ganga ta fara rawar ɗari, mawaƙi kuma kamar ana korarsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsofaffin waƙoƙi. Na zamani a kwamfuta aka haɗa su, bugunsu ba ya kaucewa daga farko har ƙarshe. Amma a ce wani dattijo ya aiko a sa masa Shata ko Ɗan Gurmu na Tawa. Hannun mutum ne ya yi wannan kiɗan, yana zafafa in waƙa ta yi daɗi, yana lafawa in za a yi zance. Ga shi kuma kiɗan gargajiya da yawa uku-uku yake tafiya, manhaja kuwa huɗu-huɗu ta saba ƙirgawa. Sai ta ba da lambar ƙarya, wani lokaci rabi, wani lokaci ninki, lup ya yanke kalma a tsakiya, tsofaffin mata su juyo suna harara. Maganinsa na nan cikin manhajar, ba kowa ne dai ke kula da shi ba: a danna In da Out da hannu daidai inda kunne ya ji amshi ya fara ya ƙare, a kuma buga maɓallin Tap tare da ganga don gyara lissafi.

Duk wannan aikin gida ne, ba na fili ba. Samarin Kurfai da ke son sana'ar su zauna da rana da abin saurare a kunne, su bi waƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya, su sa alamar lup su adana tun kafin ranar biki. Masu ɗaukar dije kuma, kafin a yi ciniki, ku ce ya haɗa muku Shata da waƙar zamani ku ji.