Ranar Da Muka Bi Ta Gindin Dutse

Ruwa ya kwana yana zuba ran Jumma'a, irin ruwan nan na watan Agusta wanda ba ya tsawa, ba ya kuwa ɗaukewa. Da gari ya waye muka tashi daga Wurno mu goma sha ɗaya: dattijon ekklesiya, da matan zumunta, da 'yan makarantarmu uku, da mu malamai biyu. Za mu wani ƙauye ne gaisuwar mutuwa. Mijin wata 'yar'uwa ne ya rasu. Ita kaɗai ce mai bi a gidan, ba mu so a tashi daga zaman makoki ba ta ga fuskar ko ɗayanmu ba.

Motar da muka shiga ba ta yi nisa ba sai ta tsaya. An tare hanya da ƙaya da rassan itace. Direba ya sauka, ya duba, ya ce shi bai ga komai ba, yana neman ya janye ƙayar.

Gaskiyarsa, daga sama ba a ganin komai, abin da ya sa wannan hatsari ya fi kowane muni ke nan. Idan ruwa ya fi ƙarfin kwalbati, ko shara ta toshe bakinsa, sai ya nemi hanya ta gefe, ya yi ta cin ƙasar da ke ƙarƙashi. Saman hanya yana nan sumul, cikinta kuwa rami ne. Akuya za ta haye lafiya, mutum ma watakila ya haye, amma mota da kaya sai ta rufta. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya cinye hanya a Radabi, tsakanin Gwaram da Basirka, motoci suka auka ciki, mutum 21 suka rasa rayukansu. Dattijonmu ya tuna wa direba wannan. Ya sake ƙayar.

Akwai wani tsoho zaune a bakin gonarsa, ashe shi da 'ya'yansa suka tare hanyar tun da asuba. Bayan mun gaisa, dattijo ya ce, "Baba, ko akwai hanyar ƙafa?"

Tsoho ya yi dariya. "Malam, kafin a yi ta mota, da me muke tafiya? Ku bi burtali har gindin tsamiya, ku bar dutse a hannun hagu. Kada ku hau falale inda ya yi kore." Ya haɗa mu da jikansa.

Burtalin ba wuya, sai dai taɓo da sawun shanu. Daga tsamiya turba ta matse, ta shiga cikin gonaki. Gero ya fi mu tsawo, raɓa ta jiƙa mu sharkaf. Muka jeru ɗaya bayan ɗaya, yaron yana gaba da sanda yana dukan ciyawa saboda maciji. A nan muka kwaɓi 'yan makaranta, gama sun fara yanke ta cikin gyaɗar mutane don su gaje hanya. Mai gona bai tare hanyar mota domin a tattake masa abincin shekara ba.

Sai hawa. Duwatsun ƙasar Birnin Kudu ba su da tsawo ƙwarai, amma manyan curi ne masu sulɓi, an ɗora wani bisa wani kamar da hannu. Da rani yaro yakan haye su da gudu. Da damina ruwa yana tsattsafowa daga tsagoginsu, gansakuka ta rufe, santsi kamar an zuba kuɓewa. Muka tuɓe silifa, gama tafin ƙafa ya fi roba kama dutse. Wata uwa cikin matan zumunta, wadda ta haura shekara sittin, ta zauna a tsakiyar hawan ta ce mu wuce mu bar ta. Ba wanda ya wuce. Aka karɓi ƙullin hatsin da ta ɗauko wa mai takaba, mata biyu suka riƙe ta dama da hagu, ana cewa, "Sannu Mama, saura kaɗan." Ba kaɗan ya rage ba, amma ta tashi.

Da muka tsaya hutawa a ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, yaran suka shiga duba bango ko za su ga zane. Mun koya musu a aji cewa a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, kusa da garin Birnin Kudu, akwai hotunan shanu da mutanen dā suka zana, da kuma duwatsu masu ƙara kamar kuge idan an buga su. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu a shekarun 1950. A namu dutsen ba zane, sai kashin awaki da tokar wutar makiyaya. Duk da haka sai da kowane yaro ya ƙwanƙwasa dutse da tsakuwa, ko a dace.

A gangare muka tarar da ƙorama. Ruwanta ja wur, yana ɗauke da kara da itace. Wannan alama ce an yi ruwa a sama, bai kuwa gama wucewa ba. Jikan tsohon ya kafa tsinke a bakin ruwan, ya ce mu zauna. Muka yi addu'a, muka ci gyaɗa, muna duban tsinke. Bayan kamar awa ɗaya ruwa ya janye ya bar shi a kan yashi. Muka haye riƙe da hannun juna, manya ta wajen da ruwa ke zuwa, yara ta ƙasa.

Rana ta take tsaka muka shiga ƙauyen, taɓo har gwiwa. 'Yar'uwar tana zaune cikin mata a tsakar gida. Da ta ɗaga kai ta ga Mama, sai ta ce, "An ce mini hanya ta yanke," ta rufe fuska da mayafi.

Ba mu daɗe ba, domin mu haye dutsen kafin duhu. Da muka sauko kan hanyar mota da yamma, muka ga wani ya janye ƙayar gefe ɗaya, ga sawun babur. Tsohon ya riga ya tafi gida. Muka mai da ita, muka ƙara rassa, yaran kuma suka mirgino duwatsu biyu suka sa a tsakiya.