Tsofaffin motocin Bodinga da Shagari: A goge adon alminiyum ko a bar shi da rigarsa?

Duk wanda ya saba bin titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega, ya san har yau Fijo ba ta gama yayi ba. Jefi-jefi akan ci karo da a-kori-kura ta sha lodin albasa ko buhunan gero tana tafiyarta a hankali. A cikin gari kuma akwai waɗanda aka jingine a rumfar gida, wata Fijo 504, wata tsohuwar Marsandi da mahaifi ya bari, magada sun kasa sayarwa sun kuma kasa tayarwa.

Motocin suna da tarihi. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976 gwamnatin Obasanjo ta mayar da 504 motar jami'an gwamnati. Lokacin da ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983, Fijo da Marsandi ne ke cike da harabar ma'aikatu.

Mai son farfaɗo da irin wannan mota yakan samu bakaniken da zai tayar da inji, ya samu mai fenti. Inda ake yawan yin asara shi ne wajen siraran ƙarafan ado da suka zagaye gilashi da gefen ƙofa. Sun yi fari kamar an shafa musu alli, an wanke sun ƙi, an goge sun ƙi. Daga nan sai wani ya ɗauko samfefa, kuma cikin rabin awa a lalata abin da ba a samunsa a shagon kayan gyara.

Ba duk mai ƙyalli ne alminiyum ba

Kafin a taɓa komai sai an san ƙarfen. Bambar Fijo 504 ƙarfe ne marar tsatsa, shi ya sa take ƙyalli bayan shekara arba'in. Wasu sassan kuma baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin kurom, kuma maganaɗisu na kama su. Alminiyum ba ya kama maganaɗisu, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, ga shi da saurin lanƙwasa. Da shi aka yi adon tagogin Marsandi ƙirar W123 da W126, kuma shi ne ke yin wannan farin.

Dalilin farin yana cikin yadda aka ƙera shi. Alminiyum da kansa yakan yi wata 'yar fata da zarar iska ta taɓa shi. A masana'anta sai a goge shi ya zama kamar madubi, a tsoma shi cikin ruwan asid irin na batir, a sakar masa lantarki. Wannan ya sa fatar ta yi kauri da tauri, amma ta kasance garau, ana hango ƙyallin ta cikinta. Turawa na kiran aikin anodayizin, kuma tun 1923 aka fara shi a Birtaniya domin kare sassan jiragen sama masu sauka a ruwa. Fatar tana fitowa da ƙananan ƙofofi, don haka akan toshe su da tafasasshen ruwa ko wani sinadari.

Kaurin wannan riga bai kai kashi ɗaya cikin biyar na silin gashi ba. Farin da ake gani, rigar ce ta tsufa, ƙarfen da ke ƙarƙashi lafiyarsa ƙalau. Man goge ƙarfe ba ya cin ta saboda taurinta, shi ya sa hannu ke gajiya a banza.

Gwajin mai sauƙi ne. A ɗiga man goge ƙarfe a farin ƙyalle, a murza a wani lungu da ba a gani. In ƙyallen ya yi baƙi, alminiyum ɗin tsirara yake. In ya fito fes, rigar na nan.

Abin da ke kashe rigar

Rana na da laifi. A watannin bazara zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, ƙarfen motar da ta yini a fili kuwa ya fi haka nesa. Ƙarfen na buɗewa da zafi fiye da rigarsa, sai rigar ta riƙa yin ƙananan tsage-tsage.

Amma babban laifin na wanki ne. Rigar ba ta jure duk wani abu mai kaifi dangin soda: sabulun gari mai ƙarfi, sodar haɗa sabulu, toka, kanwa, da ruwan wanke inji. Yaron da ya zuba sabulun wanki a bokiti ya wanke mota da tsakar rana, ya bar kumfa ta bushe a jiki, ya yi wa adon ɓarnar da damina goma ba ta yi ba. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da yashi. Goge ta da busasshen tsumma daidai yake da sa samfefa.

Hanya uku, kowace da kuɗinta

Ta farko ita ce a mayar da rigar kamar yadda masana'anta ta yi. Ita ce mafi daɗewa, amma ba aikin bakin titi ba ne. Sai an cire adon, an tuɓe tsohuwar riga, an daddale duk wata lotsawa, an goge, sannan a kai inda ke da kwamin asid da na'urar lantarki. Masu irin wannan kayan aiki galibi masana'antun ƙyamaren taga ne, su kuma sun saba fitar da alminiyum mai dushi-dushi. Wanda bai yi bayani da kyau ba, adonsa zai dawo da launin tagar ofis. Ga haɗarin hanya: sanda mai tsawon mita guda da ta lanƙwashe a bayan mota ba ta komawa daidai.

Ta biyu ita ce wadda masu fenti suka fi so, wato a goge sannan a fesa fenti garau a kai. Ranar da aka karɓi mota abin sai wanda ya gani. Matsalar ita ce fenti ba ya kama alminiyum mai santsi sosai, kuma ranar Sakkwato ba ta da tausayi. Mai arha yakan yi rawaya, ya fara ɓarewa daga gefe, ruwa ya shiga ƙarƙashi. Daga nan sai an kankare duka an sake. A cikin ukun, wannan ce ta fi yaudarar ido.

Ta uku ita ce a tuɓe rigar, a goge, a bar ƙarfen tsirara ana shafa masa kakin goge mota. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke da laima da gishirin teku, ƙyallin ba ya jimawa. A Turai ma haka, domin suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Bodinga da Shagari ba su da ko ɗaya, iska a bushe take mafi yawan shekara. Saboda haka shawarar da ake karantawa a intanet cewa gogewa kaɗai ɓata lokaci ne, ba da wannan yanayin aka auna ta ba. A nan gogewa na riƙewa, muddin mai mota zai riƙa sabunta kakin, musamman gab da damina da bayanta.

Sai dai aikin na son haƙuri. Ana farawa da samfefar ruwa mai lamba 400, a hau 800, a kai 1500 ko 2000, kowace ta share zanen ta baya, kafin a sa man gogewa. Injin gurza ƙarfe ba shi da wuri a nan, domin adon siriri ne, yana iya hudewa ko ya yi kwari. Masu tuɓe riga da soda kuma su sani tana cin alminiyum ɗin kansa in ya daɗe a ciki, tana ƙona fata, tana fitar da iska mai kama wuta. A fili ake yi, da safar hannu, ana tsaye a kai.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne tuɓe riga ba ta da komawa. In adon bai yi fari sosai ba, ɗan dusashewa ne kawai, mafi alheri a ƙyale shi: a watsa ruwa ƙura ta sauka kafin a sa tsumma, a wanke a inuwa da sabulun mota, a tsane, a shafa kaki. Kakin yana cike ƙananan tsagogin, farin ya ragu. Sai wanda rigarsa ta mutu murus ne ya cancanci samfefa.

Wanda ya ciro adon da niyyar gyara kuma kada ya jingine shi a zaure. 'Yan gwangwan da kilo suke saye, ba sa tambayar ƙirar mota, kuma a wurin masu zubin tukunyar dalma adon tagar Marsandi da gwangwanin lemo wuta ɗaya suke shiga.